Baftisma a Ruwan Kanal

Aikina leƙen fitsarin mutane ne. Idan ana so a girmama ni sai a ce ma'aikaciyar ɗakin gwaji, amma gaskiyar ke nan. A miƙo mini kwalba, in juya ta a inji, in ɗiga abin da ya kwanta a kan ɗan gilashi, in kafa ido a madubin nan da ke nuna abin da ido ba ya iya gani. A wani ɗan asibiti a Kura nake yi, kuma abin da na fi gani shi ne ƙwan tsargiya. Ɗan dogo ne, da 'yar ƙaya a gindinsa. Na gan shi har ta kai ko a coci na rufe ido ana addu'a, shi ne yake gilmawa a gabana.

Duk wanda ya taso a gefen kanal ya san tsargiya, ciwon nan da ke sa fitsarin jini. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne hanyarta. Wani ɗan dodon koɗi ne da ke manne a bangon kanal yake renon tsutsar da ke kawo ta. Idan rana ta ɗaga sai ta fito cikin ruwa, ta huda fatar duk wanda ya shiga, ta zauna a jikinsa shekara da shekaru tana zuba ƙwai a mafitsara. A ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure, idan yaro ya fara fitsari ja, dariya ake yi a ce ya zama namiji. Na taɓa jin wata gwaggona tana damuwa wai ɗanta ya girma bai fara ba.

Mu Kiristoci ne, gidaje kaɗan a tsakiyar maƙwabta Musulmi. Kakanninmu Maguzawa ne. Baba shi ya fara ba da gaskiya a gidansu yana saurayi, a shekarun da aka fara sako ruwan Tiga cikin kanal, kuma a cikin wannan sabon ruwa aka yi masa baftisma. A wurinsa abubuwan biyu tare suka zo, bai taɓa raba su ba. Kafin ruwan, da an gama girbi maza sai su watse cin rani, a bar mata da tsofaffi da rumbu rabi. Bayan ruwan, Baba bai sake barin gida ba. Shinkafa, tumatir, albasa, alkama wani lokaci. Ƙafarsa ta fi sanin taɓo da takalmi.

Shi dattijo ne a 'yar majami'armu, kuma yana da aiki guda da ba wanda ya taɓa karɓa daga hannunsa. Ranar baftisma shi ne mai fara shiga kanal da sanda, ya tattaka ya nemo inda gansakuka ba ta da santsi, sannan ya yafito fasto. Shi kuma sai ya koma ta ƙasan ruwa ya tsaya, don kada gudun ruwan ya kwashe wani. Idan fasto ya nutsar da mutum ya ɗago shi, hannun Baba ne yake fara tarar sa. Ni ma shi ya tare ni. Na tuna ruwa ya shige mini hanci, na fito ina tari, yana cewa in yi a hankali, ai ba a kore ni daga sama ba.

Ban taɓa yin gardamar addini da kimiyya da Baba ba, domin bai taɓa ba ni dama ba. Da na fara aiki na kai shi ɗakin gwaji, na ɗiga nasa fitsarin, na ce ya leƙa. Ya daɗe a sunkuye, hularsa na neman faɗuwa. Da ya ɗago sai na ga fuskarsa ta washe.

"Ikon Allah! Har da ƙaya ya yi masa. Wannan ɗan abin ma bai yi shi a gaggauce ba."

"Baba, ciwo ne fa."

"Na ji, Likita. Kawo maganin."

Likita yake ce mini, ko da yake na sha faɗa masa ni ba likita ba ce. Na ba shi ƙwayoyin, manya masu ɗaci. Ya zuba su a tafin hannu, ya cire hula, ya rufe ido kamar an ajiye masa tuwo. Haka yake yi wa kowane magani, ko na ciwon kai ne. Ya ce, "Ubangiji, mun gode da wannan magani, da wanda ya gano shi, da hannun da ya kawo shi. Ka sa ya yi aikinsa." Na ce masa ko bai yi addu'a ba maganin zai yi aiki. Ya ce ya sani, tuwo ma ko bai yi godiya ba zai ƙosar da shi. Washegari ya koma cikin shinkafarsa, ruwa har gwiwa. Haka muka yi ta yi, ina ba shi magani yana komawa.

'Yata kuwa ban bar ta ta san ruwan nan ba. A Kura na rene ta, da ruwan bohol. Idan muka je ƙauye, 'yan uwanta na tsalle a kanal, ita tana zaune a inuwa da takalmi a ƙafa. Suna kiran ta 'yar gayu, tana kuka, ban damu ba. Lokaci lokaci ina duba nata fitsarin, ban taɓa ganin komai ba. A duk danginmu ita kaɗai ce zan iya rantsewa a kanta, kuma ina alfahari da hakan, ba zan ɓoye ba.

Sai Baba ya fara ramewa. Jinin ya daina zuwa a ƙarshen fitsari, ya koma guda-guda. Muka je babban asibiti a birni, aka yi hotuna, aka yanki ɗan nama. Likitan da ya kira ni gefe ya gane ma'aikaciya ce, don haka bai yi mini kwana-kwana ba. Kansar mafitsara ce, irin wadda tsohuwar tsargiya kan haifar, kuma ta riga ta yi nisa. Na gyaɗa kai. Na yi masa tambayoyin da suka dace, har ya yaba. Na ji kamar sakamakon wani baƙo ake karanta mini. A hanyar dawowa, wajen Kumbotso, na sa direba ya tsaya na sayi burodi, don na tuna babu a gida.

Daga ranar nan wani abu ya ɗauke mini. Ba fushi nake da Allah ba, da ma fushin ne da na san inda zan sa kaina. Ina zuwa sujada a coci, ina tashi idan an tashi, ina buɗe baki idan ana waƙa. Amma idan na durƙusa ni kaɗai, kamar na murɗa famfo ne ranar da ba a kawo ruwa ba. Ina wanke wa Baba robar fitsarin da aka sa masa, ina juye jakar, ina lura da launin abin da ke ciki, ina faɗa wa likita daidai. Ban yi kuka ko sau ɗaya ba.

A cikin wannan hali 'yata ta gama ajin baftisma. Aka sa rana wajen Ista, tsakiyar zafi, lokacin da kanal ya fi cika da dodon koɗi. A majami'ar ƙauye sunanmu yake, don haka can za a yi.

Wurin fasto na fara zuwa. Matashi ne, ya yi karatu, bai ɓata mini lokaci ba. Na ce a samo babban tanki a yanke bakinsa, a cika da ruwan bohol. Ko na kanal ɗin ne ma, in aka bar shi ya kwana biyu a ajiye tsutsar mutuwa take yi. Ya ce shi ba shi da ja, a birni ma wasu haka suke yi, kuma ba a rubuta wa kowa dole sai kanal ba. Sannan ya sosa ƙeya.

"Sai dai Baba dattijo. In ya yarda, an gama."

Na same shi a ƙarƙashin mangwaron ƙofar gida, a kan tabarma, jakar fitsarin a ɓoye cikin riga. Maƙwabcin gonarsa yana wurin, wani malami mai makarantar allo, wanda kuma shi ne ke riƙe da makullin ƙofar ruwa ta ɓangarenmu. Tun suna samari suke tare. Da ya ga fuskata sai ya ce bari ya je ya duba albasa.

Na yi wa Baba bayani tiryan-tiryan, kamar ina koyar da ɗalibai. Bai katse ni ba.

"Kin gama, Likita?"

"Na gama."

"Duk abin da kika faɗa gaskiya ne. Ni da idona na gan shi. Ba shi ne ya kwantar da ni nan ba?"

Ban shirya wa wannan ba. Na zo da shirin ya musa.

"To Baba, in ka yarda, me ya sa za ka sa ta a ciki?"

"Ruwan nan shi ya tsayar da ni a gida har na san fuskarki. Shi ya kai ki makarantar da kika koyi ganin ƙwan. A cikinsa na tuba, a cikinsa na tare ki, na tari uwarki, Allah ya ji ƙanta. Yanzu don ya zo mini da ɗaci sai in ce ban san shi ba?" Ya numfasa. "Kuma tanki ruwan tsaye ne. Ni na saba in ga ruwan da aka nutsar da mutum a ciki ya wuce ya tafi, ba ya dawowa. A tanki ina zai je? Na baya ya shiga cikin ruwan na gaba?"

"Wannan ba koyarwa ba ce, Baba. Ra'ayinka ne."

"Ra'ayina ne," in ji shi. "Ban ce dole ba. 'Yarki ce. Amma a tanki ba a bukatar mai tara. Sai ku ajiye mini kujera in yi kallo."

Na tashi na kakkaɓe zanena. Na san ya kamata in ji wani abu, tausayi ko haushi. Abin da ya zo mini kawai shi ne jakar ta kusa cika, ya kamata a juye.

A gida na faɗa wa 'yata yadda muka yi. Tana tsintar shinkafa a faranti. Ita da kakanta wasan jika da kaka suke yi tun tana ƙarama, yana ce mata amarya, tana ce masa tsohon miji mai rowa. Ban zaci akwai wani abu a ƙarƙashin wasan ba.

"Mama, in na kamu, akwai magani?"

"Akwai. Amma ba a wasa da..."

"Yana aiki?"

"Yana aiki, in an sha da wuri."

"To maganin yana nan har baɗi." Ba ta ɗago kai daga farantin ba. "Kaka fa?"

Na tsaya ina kallon ta. Ina da amsoshi da yawa. Cewa wani jikin ba ya ɗaukar shigar farko da sauƙi, zazzaɓi mai tsanani kan biyo baya. Cewa da irin wannan "ai akwai magani" aka kai kakan nata inda yake. Cewa shekara goma sha da na yi ina tsare ta ba don in miƙa ta da hannuna ba ne. Ban faɗi ko ɗaya ba. Na ce ta cire tsakuwar da ke gefen babban yatsanta.

Abin da na iya yi shi ne ciniki. Na ce ba za a yi bayan sujada ba kamar yadda aka saba, lokacin da rana ta take kuma tsutsar ta fi yawa. Da sassafe za a yi. Ita za a fara yi wa, kuma ba za ta tsaya a ruwa ana doguwar waƙa ba. Duk wanda ya shiga, daga baya zai kawo mini kwalba. Fasto ya yarda. Baba ya ce Likita ta yi doka, sai bi.

Ranar, malamin nan ya riga kowa zuwa. Ya rage ƙofar ruwa don gudun ya lafa, ya ce masu tumatir na ƙasa sa yi haƙuri na ɗan lokaci, sannan ya koma nesa kan gaɓa ya tsuguna da carbinsa. A babur aka kawo Baba, wani ya riƙe shi ta baya. Na ɗaure masa jakar a ƙirji da tsohon ɗankwalina, na naɗe da leda. Ya karɓi sandarsa. Maza biyu suka sauka da shi, ya tattaka siminti kamar yadda ya saba, ko da yake kowa ya ga su ne ke ɗauke da shi. Ya koma ta ƙasan ruwa ya tsaya.

Matan zumuntar coci suka ɗauki waƙa. 'Yata ta sauka cikin farar riga, ta ɗan ja numfashi da sanyin ya taɓa ta. Karo na farko ke nan da ƙafarta ta shiga kanal. Ni ina tsaye da tawul a hannu, idona a kan bango, daidai inda ruwa ya tsaya. Dodon koɗin suna nan a jere, ƙanana, baƙi-baƙi, ba su kai ƙwayar wake ba. Fasto ya yi mata tambayoyi ta amsa, ya nutsar da ita, ya ɗago. Baba ya saki sandar, ruwa ya tafi da ita, ya tari yarinyar da hannu biyu. Ban ji abin da ya ce mata ba. Na ga dai tana tari tana dariya.

Tana hawowa na rufe ta da tawul na shiga gurza. Ƙafafu, hannaye, wuya, bayan kunne. Na san gurzar ba ta hana da yawa, amma ita ce a hannuna. Sai da ta ce, "Mama, zafi," sannan na bari. Mata suna ta yi mini barka, ina cewa na gode.

Baba bai ga shukar damina ba. Ya rasu da hantsi, bayan ruwan farko, ina gyara masa matashi. Aka binne shi a bayan majami'a. Maƙwabta suka cika ƙofar gida suna gaisuwa, malamin ya zauna a gefen tabarmar da babu kowa a kai, yana ta hawaye. Ni na yi ta kai ruwan sha, ina amsa "sai haƙuri" da "haƙuri ya zama dole." Wata daga cikin matan zumunta ta kama hannuna ta ce ba ta taɓa ganin bangaskiya irin tawa ba, ko ɗigon hawaye babu. Na bar ta a haka.

Na koma aiki. Tsutsar ba ta fara zuba ƙwai sai ta yi watanni a jiki, don haka babu abin yi sai jira. Zazzaɓin da na ji tsoro bai zo ba. Da lokaci ya yi na ba 'yata kwalba, na duba, babu komai. Na bari aka ɗan jima na sake. Shinkafar damina ta fara fitar da kai a lokacin, wani ƙanen Baba ne ke noma gonar.

Na juya kwalbar a inji, na ɗiga, na sa ido. Na bi gilashin layi layi yadda nake yi wa kowa. Can wajen gefe na same shi. Guda ɗaya, ɗan dogo, da ƙayarsa a gindi. Na gyara madubin ya fito sarai. Na yi gaskiya ke nan. Na zauna ina jiran in ji daɗin gaskiyar ko zafinta, ba wanda ya zo. Abin da na lura da shi kawai, an yi shi da kyau, ba a gaggauce ba. Na wanke gilashin, na karɓi maganin daidai nauyinta, na hau adaidaita na tafi gida.

Na sa ta ci abinci tukuna, don ba a shan sa da yunwa. Na faɗa mata abin da na gani. Ba ta firgita ba, ta ce to. Na zuba mata ƙwayoyin a tafin hannu, na ɗebo ruwa a kofi na tsaya a kanta.

Ba ta kai su baki ba. Ta gyara ɗankwalinta, ta rufe ido, ta miƙa tafin hannun gaba kaɗan.

"Sha mana," na ce.

"Ba a yi godiya ba."

"Ki yi."

"Babba ne yake yi, Mama. Yanzu ke ce."

Na duba ɗakin kamar akwai wani da zan tura wa. Ba kowa, sai mu biyu da ƙarar injin casa daga bayan layi. Na ce a raina kalmomi ne kawai, na san su, in faɗa ta sha mu huta. Na buɗe baki.

"Ubangiji, mun gode da wannan magani, da wanda ya gano shi..."

Da muryarsa abin ya fito. Da jan da yake yi wa "mun gode," da ɗan tsayawar da yake yi kafin "da hannun da ya kawo shi." A nan na tsaya ni ma, na kasa wucewa. Duk shekarun nan hannun nawa yake nufi, ni kuwa ina tsaye a kansa ina duba agogo. Kofin ya karkace, ruwa na zuba a ƙafata. Wani sauti ya fito daga ƙirjina wanda ban san nawa ba ne, na durƙushe a kan siminti ina kiran Baba, Baba, kamar yarinyar da aka manta a kasuwa.

'Yata ba ta buɗe ido ba. Ta jira ni, ta jira, ƙwayoyin suna jiƙewa a tafinta. Da ta ga ba zan iya ba sai ta ƙarasa a hankali, "Ka sa ya yi aikinsa. Amin." Ta zare kofin daga hannuna, ta haɗiye su da ɗan ruwan da ya rage, ta yamutsa fuska don ɗaci. Sannan ta sauko ƙasa ta tare ni da hannu biyu.